Golmon da Ba Shi da Wa'adi

A shekarar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Najeriya ta fitar da manufarta ta farko kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Manufar ta shigar da kula da masu taɓin hankali cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, wato ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka. An sabunta ta a 2013. A watan Janairun 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958, ita kuwa tushenta dokar Turawan mulkin mallaka ce ta 1916. A takarda an gama magana: mai wannan lalura yana da haƙƙin samun magani kusa da gidansa, cikin mutunci, ba tare da ɗauri ba.

Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma akasarinsu suna manyan birane. Saboda haka duk alkawarin da ke cikin waɗancan takardu yana sauka ne a kan wuyan mutum guda: malamin asibiti ko malamar asibiti da ke zaune a ƙaramin asibitin ƙauye. Yadda ake riƙon wannan ma'aikaci, da yadda ake tafiyar da aikinsa, shi ke yanke hukuncin ko majinyaci zai warke ko zai koma cikin mari.

Ƙasar da ke ɗauke da nauyi

Masarautar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu. Ƙasa ce ta manoma, an kuma san ta da ba Najeriya sojoji, daga kurata har janar-janar. Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya suna zaune a cikinta, sau da yawa a gida ɗaya.

A 'yan shekarun nan ƙasar ta ga abin da ba ta saba gani ba. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka afka wa wasu ƙauyukan Danko-Wasagu, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 88. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60. A watan Nuwamban 2025 aka sace ɗalibai mata 25 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Jarida takan ƙirga gawa ta wuce. Wanda ba ya shiga lissafi shi ne matar da ta yi wata uku ba ta runtsa ba, da yaron da ke shigewa ƙarƙashin gado in ya ji ƙarar babur, da manomin da ya rasa gona da shanu ya dawo gari ya kama shan ƙwaya. Duk wannan ƙari ne a kan cututtukan da kowace al'umma ke da su ko da ana zaman lafiya: farfaɗiya, da taɓin hankali mai sa mutum jin muryoyi, da ciwon damuwa, da gushewar hankali bayan haihuwa.

Babban asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ake yawan tura mutanen wannan yanki yana Kware, gaba da birnin Sakkwato. Wani yana Barnawa a Kaduna. Tafiya ce ta sa'o'i masu yawa, da kuɗin motar majinyaci da na masu riƙe shi aƙalla biyu, da abinci da wurin kwana. Iyalin da suka sayar da akuya suka je sau ɗaya, da wuya su iya komawa kowane wata. Shi ya sa ake fara bi ta wurin boka, ko malamin ruƙiyya, ko gidan addu'a, in duk sun gaza a nemo maƙeri ya ƙera mari.

Aikin da ba ya ƙarewa da allura ɗaya

A ɗauki misalin wata malamar asibiti a ɗaya daga cikin ƙauyukan wannan ƙasa. Ta yi shekara uku a kwalejin koyon aikin lafiya, ta yi shekara goma sha tana awon ciki da rigakafi da maganin zazzaɓi. Wata rana aka tura ta bita ta mako ɗaya a kan littafin mhGAP, jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 domin ma'aikacin da ba ƙwararre ba ya iya gane manyan cututtukan ƙwaƙwalwa ya kuma fara maganinsu. Ta dawo da takardar shaida da littafi. Ba a rage mata ko ɗaya daga cikin tsofaffin ayyukanta ba.

Aikin da aka ƙara mata ya bambanta da sauran ta fuskar lokaci. Mai zazzaɓin cizon sauro yakan sha magani kwana uku ya miƙe. Maganin ciwon damuwa kuwa sai ya yi makonni kafin a ga amfaninsa, kuma ana ci gaba da shi watanni bayan an samu sauƙi. Mai farfaɗiya yana shan nasa shekaru, in ya yanke shi farat ɗaya faɗuwar na iya dawowa fiye da da. Mai taɓin hankali mai tsanani yana bukatar ƙwaya kullum, ko allurar da ake maimaitawa duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Magungunan nan suna da illa da dole a lura da ita: sandarewar jiki, rawar hannu, dalalar miyau, wani lokaci wuya ya karkace. Iyalin da ba a faɗa musu tun farko ba, da sun ga haka sai su ce iskokin sun fusata, su watsar da maganin.

Don haka rabin aikin magana ce. Ita ce ke zama da uban majinyaci ta yi masa bayani, da Hausa ko da C'lela, harshen Dakarkari. Ita ce ke bin gida in ba a kawo shi ba. Ita ce ke roƙo a kwance ƙafa ɗaya a gani, in an ga lafiya a kwance ɗayar. Akwai wani saurayi da ta yi wa haka, bayan ya yi fiye da shekara a ɗaure a bayan gida. Da damina ta faɗi, ubansa ya zo asibiti da kaza a hannu.

"Malama, yaron nan ya koma gona. Allah ya saka miki da alheri."

"Baba, Allah ne ya yi. Amma kada a daina maganin don an ga sauƙi. Ranar da na rubuta muku a kati, a kawo shi."

Wata huɗu ana kawo shi. A na biyar allurar ta ƙare, ta rubuta ta aika, ba a kawo ba. Ta rubuta wa dattijon sunan maganin ya nema a kemis a cikin gari, kuɗin ya fi ƙarfinsa. Kafin a girbe dawa, saurayin ya koma cikin mari. Da ta je gidan, dattijon bai ɗaga murya ba.

"'Yata, ke kika ce kada mu daina. Ga shi ku ne kuka daina."

Ba ita ke sayen magani ba, ba ita ke rarraba shi ba. Amma fuskarta ce ƙauyen ya sani, don haka ita ce ta yi ƙarya a idonsu. An bar jaki ana dukan taiki.

Inda ɗakin ke yoyo

Yankewar magani ita ce ɓaraka ta farko, kuma ta gudanarwa ce. Tsofaffin magungunan taɓin hankali da na farfaɗiya suna cikin masu arha a duniya, suna kuma cikin jerin muhimman magunguna. Abin da ke hana su isa ƙauye shi ne ba wanda aka ɗora wa alhakin lissafinsu. Rigakafi da maganin zazzaɓi suna da masu tallafi da ke bibiya, suna da fom da ake cikawa duk wata, suna da jami'in da za a tuhuma in sun yanke. Abin da ake tambayar malamar asibiti a ƙarshen wata shi ne yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka zo awo. Sa'o'i biyun da ta yi tana lallashin iyali su kwance ɗansu, a idon ofis kamar ba ta zo aiki ba ne.

Ta biyu ita ce canjin wurin aiki. A yawancin ayyukan gwamnati, a ɗauke wannan a kawo wancan ba ya rushe komai. A nan yana rushewa, domin mai jin muryoyi da ke zargin kowa yana neman halaka shi yakan ɗauki watanni kafin ya yarda ya karɓi ƙwaya daga hannun wani. Matar da ta faɗa wa malama cewa tana tunanin kashe kanta ba za ta sake faɗa wa baƙuwa ba. In takardar canji ta zo ba zato, aka kai ma'aikaciyar da aka horar wani asibitin, aka kawo wanda bai taɓa buɗe littafin ba, to an yi asarar kuɗin bitar da amanar da aka gina gaba ɗaya. Haka kuma in an tashi zaɓen masu zuwa bita aka duba wa ke da uwa a gindin murhu, saboda alawus ɗin zama, sai ilimin ya ƙare a hannun wanda ba ya ganin majinyaci.

Ta uku ita ce irin sa idon da ake yi. Akwai sa ido irin na duba-gari, wanda ke zuwa neman laifi: a duba rajistar zuwa aiki, a duba shara, a yi faɗa, a sa hannu a tafi. Akwai kuma irin na maigida a sana'a, wanda ke zama da yaronsa a kan aikin ya nuna masa inda ya karkace. Bita ta mako ɗaya ba ta mai da mutum gwani. Malamar tana bukatar wanda za ta kira ta ce, ga mai jego ta daina cin abinci ta ƙi jaririnta, in ƙara maganin ko in tura ta? In babu wannan murya a ɗaya ɓangaren waya, tsoro ke maye gurbinta, kuma ma'aikacin da ke tsoron yin kuskure yakan zaɓi abin da ba za a zarge shi a kansa ba: ya rubuta takardar turawa Kware, alhali ya san ba za a je ba.

Ta huɗu ita ce lada da daraja. Shekaru da dama alawus ɗin haɗari na ma'aikatan lafiya a Najeriya naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙara shi ga nata ma'aikatan. Ƙananan asibitoci kuwa suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi, kuma da yawansu a faɗin Arewa suna tafiya ne da ma'aikatan wucin gadi da masu aikin sa-kai da ke jiran ranar da za a ɗauke su. Jihar Kebbi ta amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024, amma wannan na wanda sunansa ke cikin jerin masu albashi ne. Man babur ɗin bin gidaje da katin wayar kiran iyalai sukan fito daga aljihun ma'aikaci. Ga kuma tsangwama: wanda ya daɗe a wannan fanni sai abokan aiki su fara kiransa likitan mahaukata, da raha a baki da raini a ciki. A farkon 2024 magatakardan hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista, Faruk Abubakar, ya ce kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Waɗanda suka tafi Ingila manyan asibitoci suka bari, sai na ƙananan garuruwa su matsa birni su cike gurbinsu, ƙauye ya zama shi ne ƙarshen wanda ake kwashewa.

Ita ma 'yar ƙasar ce

Akwai nauyin da ba ya shiga kowane fom. Malamar da ke sauraron matar da aka kashe mijinta a gona, ita ma tana da ɗan'uwan da aka biya wa kuɗin fansa. Hanyar da majinyata ke tsoron bi, ita ma ita take bi zuwa aiki. Takan ji labari biyar irin wannan kafin azahar, ta koma gida ta ɗora tukunya, ba wanda ya tambaye ta me ta ji yau.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wani yanayi da ke samun ma'aikaci sakamakon matsin aiki mai tsawo da ba a shawo kansa ba. Ta ba shi alamomi uku: ƙarewar kuzari, nesanta zuciya daga aikin har mutum ya fara yi masa kallon banza, da raguwar ƙwazo. Hukumar ta danganta shi da wurin aiki, ba ta lissafa shi a matsayin cuta ba. Alama ta biyu ita ce mafi haɗari a wannan fanni. Ranar da malamar ta fara jin cewa majinyatan nan ba sa warkewa, ɓata lokaci ne, ranar ta daina tambayoyin da ke gano cuta. Mai ciwon damuwa da ya zo da kukan ciwon kai da kasala sai a ba shi maganin zazzaɓi ya tafi. Asibitin yana buɗe, ma'aikaciyar tana kan kujera, amma aikin ya mutu.

Amsar da aka saba ba irinta ita ce, a yi haƙuri, aikin lada ne. Mutanen Zuru kuwa ba a koya musu juriya. A al'adar Dakarkari akwai golmo, inda saurayi ke yi wa surukinsa noma, bisa al'ada har shekara bakwai, kafin a ba shi mata. Aiki ne mai tsanani da ake gwada jarumtar namiji da shi. Amma wanda ya dubi golmo da kyau zai ga yadda magabata suka tsara wahala. Saurayi ba ya shiga gonar shi kaɗai, da ƙungiyar tsararsa yake zuwa, yau a yi wa surukin wannan gobe na wancan. Akwai manya da ke kallon aikin suna shaida. Akwai wa'adi da kowa ya sani, akwai kuma lada a ƙarshensa. Abin da ake nema daga malamar asibiti golmo ne da aka cire masa abokan aiki da shaidu da wa'adi, aka bar mata fartanya da rana.

Inda aka gwada aka gani

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, suna zuwa karɓar magani da rana. Duniya ta yaba tsarin, Lambo ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya riƙe Aro shi ne ma'aikatan jinyar da ke cikin ƙauyukan suna da likita a bayansu, kuma an jawo masu maganin gargajiya cikin aikin.

A Jihar Binuwai, daga 2011, Cocin Methodist da ƙungiyar CBM da gwamnatin jihar suka buɗe sassan lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙananan asibitoci, ma'aikatan jinya da malaman asibiti ke gudanar da su. Dubban majinyata sun yi rajista, akasarinsu masu farfaɗiya da taɓin hankali mai tsanani. An haɗa horon da ziyarar ƙwararru da kuma asusun magani mai juyawa, wanda ake sayar da magani da sauƙi a sake sayo wani da kuɗin. A 2020 kuma mujallar Lancet ta buga binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna cewa in malaman asibiti suna ziyartar masu maganin gargajiya da gidajen addu'a suna aiki tare, masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi. A can ma ma'aikatan suna da ƙwararrun da ke duba aikinsu. Ga ƙasa irin Zuru, inda malami da fasto da boka duk ake kai musu majinyaci, wannan darasi ne na kai tsaye.

Abin da ke hannun masu riƙe da ofis

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma. Ta ba da shawarar a biya su daidai da aikinsu, a ba su yarjejeniyar aiki a rubuce, a riƙa sa musu ido irin na taimako, a kuma buɗe musu hanyar ci gaba. Mafi yawan abin da wannan ke nufi a ƙasar Zuru bai kai kuɗin gina sabon asibiti ba.

Daraktan lafiya na ƙaramar hukuma yana iya hana a ɗauke ma'aikacin da aka horar sai an samu wanda zai gaje shi, an kuma ba su lokacin miƙa majinyata hannu da hannu. Yana iya keɓe rana ɗaya a mako domin wannan aiki, a rage wa mai yin sa wasu ayyukan a ranar. Hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta jiha tana iya ajiye ƙwararren ma'aikacin jinyar ƙwaƙwalwa a babban asibitin Zuru, da babur da mai, aikinsa ya zagaya Ribah da Mahuta da Dirin Daji ya zauna da ma'aikata a kan majinyatansu, wayarsa kuma a buɗe. Tana iya sa magunguna biyar ko shida cikin waɗanda ake tuhumar jami'i in sun yanke. Tana iya tambaya a ƙarshen wata, majinyata nawa ne suka dawo karɓar magani, mutum nawa aka kwance daga mari. Ma'aikatan da kansu suna iya haɗuwa sau ɗaya a wata, su huɗu ko biyar, kowa ya sauke abin da ya ji ya gani, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dokar 2023 ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun lafiyar ƙwaƙwalwa. Waɗannan suna Abuja. Takardar canjin wurin aiki, da jerin masu zuwa bita, da buƙatar maganin da ke kwance a tire tun watan jiya, suna kan teburin mutanen da ke Birnin Kebbi da sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma da yawa daga cikinsu sun san gidan da ake ɗaure da wani a bayan ɗaki.